Busar da amfanin gona a ɗakin shanya mai zafin rana

Busar da amfanin gona a ɗakin shanya mai zafin rana wata hanya ce ta rage ruwan da ke jikin hatsi, kayan miya, ganyaye da 'ya'yan itatuwa ta hanyar shanya su a cikin ɗakin da aka rufe da leda mai haske, ko gilashi, ko wata roba mai ƙarfi da ake kira polikabonet. Hasken rana yana ratsa rufin ya ɗumama daɓen ɗakin da iskar da ke ciki, iskar kuma ta kwashi danshin amfanin ta fice da shi ta kafofin da aka bari. A siffa ɗakin yana kama da irin rumfunan leda da ake noman tumatir a cikinsu, sai dai shi ba shuka ake yi a ciki ba, shanya ake yi.

Ana amfani da wannan hanya a ƙasashen Asiya, Afirka da Kudancin Amurka domin a kare amfanin gona daga ruwan sama, ƙura, dabbobi da ƙwari, a kuma rage kwanakin da yake ɗauka kafin ya bushe. A yammacin Jihar Zamfara, musamman ƙananan hukumomin Anka, Gummi da Bukkuyum, batun yana da wani muhimmanci na daban, saboda a wasu ƙauyukan yankin an samu gubar dalma a cikin ƙasar da ake shanya abinci a kanta.

Kalmomi

Hausa tana bambanta aikin da sakamakonsa. Shanya ita ce baza abu a rana ko a iska, bushewa kuma ita ce fitar ruwan da ke jikinsa. Don haka ana iya shanya gyaɗa kwana uku ba ta bushe ba. Kalmar "busar da" ta fito ne daga tushe ɗaya da "bushe", tana nuna cewa wani ne ya sa abin ya bushe. Wasu kayan suna samun sabon suna bayan sun bushe: busasshen tumatir ana ce masa kauɗa, ganyen albasa da aka kirɓa aka busar kuma ana ce masa gabu. A karin harshen Sakkwato da Zamfara ana kiran attaruhu da tarugu, haka kuma harafin "f" yakan koma "h" ko "hw", shi ya sa ake jin hwadama a maimakon fadama.

Shanya ta gargajiya

Tun kafin zuwan na'urori manoman ƙasar Hausa suna da dabarun busar da amfaninsu. Gero da dawa ana girbe su a bar zangarniyar a gona ta sha iska, sannan a ɗaure dami a kai rumbu. Gyaɗa ana cire ta a kife ta da harawarta ta yi kwanaki kafin a tsige. Shinkafa da masara ana baza su a kan daɓe, tabarma, tamfol ko dutse mai faɗi. Tumatir da tattasai ana yanka su a shanya a kan ƙasa ko kara a bakin lambu, kuɓewa kuma mata ne suka fi yanka ta su shanya a tsakar gida ko a kan rufin soro. Inda titi ya ratsa gari, gefen kwalta yakan zama wurin shanya, domin kwalta tana riƙe zafi.

Wannan hanya ba ta cin kuɗi, kuma a lokacin hunturu tana aiki sosai saboda iskar busasshiya ce. Amma tana da illoli sanannu. Yashi da ƙananan duwatsu suna shiga cikin amfanin. Awaki, kaji da tsuntsaye suna ci suna kuma yin kashi a kai. Ruwan sama na ba-zata ko raɓar asuba suna sake jiƙa abin da ya fara bushewa. Shanyar gefen titi tana ɗaukar hayaƙin motoci da ƙurar taya. Hukumar daƙile cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya, NCDC, tana gargaɗin jama'a a kan shanya abinci a ƙasa ko a gefen hanya, saboda ɓeran da ke yaɗa zazzaɓin Lassa yana iya yin fitsari ko kashi a kai.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta a rahotonta na 2019 cewa kusan kashi 14 cikin ɗari na abincin da ake nomawa a duniya yana salwanta tsakanin girbi da isarsa shagunan sayarwa. Rashin bushewa da kyau yana cikin manyan dalilan wannan asara a ƙasashe masu zafi.

Yadda ɗakin yake aiki

Abubuwa biyu ne ke busar da amfani: zafi da motsin iska. Zafi yana fito da ruwa daga cikin ƙwaya zuwa bayanta ya mayar da shi tururi, iska kuma tana ɗauke tururin. Idan ɗaya ya rasa, aikin ba ya tafiya. Ɗakin da ya yi zafi amma ba shi da mafitar iska, turara amfanin zai yi, ba busar da shi ba.

Hasken rana idan ya ratsa rufin ya faɗa kan daɓe da tirori, yana komawa zafi. Rufin yana hana iskar da ta ɗumama tserewa nan take, shi ya sa cikin ɗakin yakan fi waje zafi da digiri 10 zuwa 25 a ma'aunin Selshiyos idan rana ta take. Iska mai zafi ta fi mai sanyi iya ɗaukar tururi. Alal misali, iskar watan Satumba mai zafin digiri 30 da laima kashi 70 cikin ɗari, idan aka ɗumama ta zuwa digiri 50, laimarta tana sauka zuwa kusan kashi 24 cikin ɗari ba tare da an cire mata komai ba. Wannan iska ce ke tsotse ruwan amfanin da sauri.

Da yake iska mai zafi ta fi sauƙin nauyi, tana tashi sama da kanta. Saboda haka ake barin kafofin shigar iska a ƙasa, kafofin fita kuma a sama ko a ƙarshen ɗakin. A manyan ɗakuna ana ƙara fanka mai aiki da farantin sola. Amfanin wannan haɗi shi ne lokacin da rana ta fi ƙarfi, lokacin ne fankar take fi gudu, don haka zafin ba ya wuce kima sosai.

Lissafin ruwa da girman ɗaki

Yawan ruwan da za a fitar ya bambanta ƙwarai daga amfani zuwa amfani. Ɗanyen tumatir kusan kashi 94 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne. Ke nan a cikin kilo 100 na tumatir, kilo 6 ne kawai tsantsar nama. Idan aka busar da shi har ruwan ya koma kashi 12 cikin ɗari, abin da zai saura bai kai kilo 7 ba, an fitar da ruwa kimanin kilo 93. Masara kuwa da aka girbe da ruwa kashi 25 cikin ɗari, idan aka sauke shi zuwa kashi 13, kilo 100 zai koma kimanin kilo 86, ruwan da ya fita bai wuce kilo 14 ba.

Mayar da kilo ɗaya na ruwa tururi yana cin makamashi kimanin megajul 2.4. A arewacin Najeriya kowace murabba'in mita ta ƙasa tana samun wajen megajul 20 na hasken rana a yini. Ba duk wannan ne ke shiga aikin busarwa ba. Idan aka ɗauka kashi 30 cikin ɗari ne ke shiga, murabba'in mita ɗaya zai fitar da ruwa kilo biyu da rabi a yini. A wannan lissafi, busar da kilo 100 na tumatir cikin kwana uku yana buƙatar fili kimanin murabba'in mita 12, wato ɗaki mai mita 3 a faɗi da mita 4 a tsawo. Wannan ne ya sa cika ɗaki da kaya fiye da ƙarfinsa yake jawo ruɓewa: hasken da ke shiga ba ya ƙaruwa don an ƙara kwando.

Matakin bushewar da ake nema kafin ajiya shi ne:

- Masara, dawa da gero: kashi 13 cikin ɗari ko ƙasa da haka.
- Shinkafar da ba a cashe ba: kimanin kashi 14.
- Wake: kimanin kashi 12 zuwa 13.
- Ɓararriyar gyaɗa: kashi 7 zuwa 8, saboda tana da mai.
- Tumatir, tattasai da kuɓewa: kimanin kashi 10 zuwa 12.

Ire-irensa

Ana raba na'urorin shanya masu amfani da rana gida uku. Na farko shi ne wanda hasken ke faɗa wa amfanin kai tsaye ta cikin rufi, kuma ɗakin shanya yana cikin wannan rukuni. Na biyu shi ne wanda ake ɗumama iska a wani akwati na daban mai baƙin fenti, sannan a tura ta cikin rufaffen ɗaki inda amfanin yake cikin duhu. Na uku ya haɗa biyun. Kowane rukuni yana iya zama mai fanka ko marar fanka.

Daga cikin samfuran da suka yi suna akwai:

Akwatin shanya. Ƙaramin akwati ne na katako mai murfin gilashi ko leda, da huji a ƙasa da gefe. Cibiyar bincike ta Brace a Jami'ar McGill da ke Kanada ta yaɗa shi a shekarun 1960. Ya dace da amfanin gida.

Dogon rami na Hohenheim. An ƙirƙire shi a Jami'ar Hohenheim da ke Jamus. Doguwar shimfiɗa ce mai faɗin kimanin mita 2, an rufe ta da leda. Sashen farko baƙi ne mai ɗumama iska, sashe na biyu nan ake zuba amfani, fanka kuma tana hura iska daga farko zuwa ƙarshe.

Ɗaki mai baka. Farfesa Serm Janjai na Jami'ar Silpakorn a ƙasar Tailan ne ya jagoranci ƙirƙiro shi. Rufinsa polikabonet ne da aka lanƙwasa kamar baka a kan daɓen siminti, da fankoki masu aiki da sola. A Tailan ana busar da ayaba, barkono da kofi a cikinsa.

Jakar iska. Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya, IRRI, da ke Filifin, tare da Jami'ar Hohenheim da kamfanin GrainPro ne suka samar da ita. Doguwar jaka ce mai baƙar ƙasa da saman leda mai haske, fanka ce ke kumbura ta. Ana naɗe ta a ɗauka zuwa wata gona, kuma an fi yin ta domin shinkafa da masara.

A Najeriya, Cibiyar Binciken Adana Amfanin Gona ta Ƙasa, NSPRI, mai hedikwata a Ilorin da reshe a Kano, ta samar da nata ɗakin shanya mai baka. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a farkon shekarun 1980, ita ma ta daɗe tana ƙera na'urorin shanya masu amfani da rana tana gwada su. Ita ce cibiyar irin wannan aiki mafi kusa da yammacin Zamfara.

Gini

Ana zaɓar fili mai tudu wanda ruwa ba ya kwanciya, nesa da inuwar bishiya ko gini, nesa da juji, masai da turken dabbobi. Ana yin daɓen siminti da ya ɗan ɗara ƙasa tsayi, a shafa masa baƙin launi domin ya sha zafi da rana ya sake shi da yamma. Ginshiƙan na iya zama ƙarfe ko katako. Leda ta fi arha, amma dole ta zama irin wadda aka yi don jure rana, domin ledar kasuwa ta yau da kullum tana tsagewa cikin watanni kaɗan. Polikabonet ya fi tsada, ya kuma fi daɗewa.

Ana rufe duk kafofin iska da raga don hana ƙuda da ɓera. Tirorin shanya ana ɗora su a kan tebura masu tsayin ƙugu, ƙasansu raga ne don iska ta ratsa ta sama da ƙasa. An fi son ragar roba ko ƙarfen da ba ya tsatsa, saboda tsamin tumatir yana cin kwano da wayar kaji. Ba a shafa fenti a inda abinci zai taɓa, domin wasu fentin suna ɗauke da dalma. A yankunan da ake samun iska mai ƙarfi a farkon damina, ana ɗaure rufin sosai, in ba haka ba guguwa ɗaya ta isa ta yaye shi.

Yadda ake shanya a ciki

Ana tsince ruɓaɓɓu da waɗanda tsutsa ta ci, domin shanya ba ta gyara abin da ya lalace. Kayan miya ana wanke su da ruwa mai tsabta, a yanka su daidai wa daida don su bushe tare. Ana shimfiɗa su ɗaya-ɗaya ba a ɗora wani kan wani ba. Hatsi kuma ana baza shi da kaurin da bai wuce yatsu uku ba, a riƙa juyawa sau da yawa a yini. An fi son a zuba kaya da sassafe don su samu cikakken yinin farko, wanda shi ne mafi haɗari ga tumatir. Da dare ana rufe kafofin don kada raɓa ta shiga.

Zafi yana da iyaka. Kayan miya suna son digiri 50 zuwa 60. Idan ya wuce haka tun farko, bayan yankan yakan ƙeƙashe alhali cikinsa da ruwa, daga baya ya yi fumfuna a buhu. Irin shuka bai kamata ya wuce wajen digiri 40 ba, saboda zafi yana kashe ƙwayar da za ta tsiro. Shinkafa idan ta bushe da gaggawa, ko ta bushe ta sake jiƙa, tana tsagewa a ciki, sai ta kakkarye a injin casa. Ganyaye irin su zogale, kuka da rama suna rasa korensu da wani ɓangare na sinadaran bitamin idan rana ta buge su kai tsaye, don haka ana rataya musu baƙar raga a sama ko a shanya su a tiren ƙasa.

Manoma suna gane bushewar hatsi ta hanyar ciza ƙwaya ko sauraron ƙarar gyaɗa a cikin ɓawo. Akwai kuma gwajin gishiri: a zuba hatsi da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza, a bar ta ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba. Bayan an kwashe kaya ana bari su huce kafin a zuba a buhu. Buhunan da ba sa shan iska, irin buhun PICS da Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007 domin wake, suna aiki ne kawai idan abin da aka zuba ya riga ya bushe.

Fumfuna da gubar afalatoksin

Babban haɗarin amfanin da bai bushe ba shi ne fumfuna. Wasu nau'o'inta biyu, Aspergillus flavus da Aspergillus parasiticus, suna fitar da guba mai suna afalatoksin, musamman a gyaɗa, masara da barkono. An gano gubar ne bayan 1960, shekarar da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila sakamakon cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. Tana jawo ciwon dajin hanta, kuma haɗarin ya fi yawa ga masu ɗauke da cutar hanta nau'in B. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a gabashin Kenya. Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci da gubar ta wuce maikirogiram 4 a kowane kilo.

Saurin busarwa yana hana fumfunar yaɗuwa bayan girbi, amma ba ya kashe gubar da ta riga ta samu, haka ma dafuwa. Tunda fumfunar tana iya kama amfani tun yana gona, ana haɗa shanya mai kyau da wasu matakai, kamar girbi a kan lokaci, tsince ƙwayoyin da suka canza launi, da amfani da Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar ake watsawa a gona kafin amfani ya yi fure.

Yammacin Zamfara

Anka, Gummi da Bukkuyum suna cikin ƙananan hukumomi 14 na Jihar Zamfara, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato a ranar 1 ga Oktoba, 1996. Tare da Bakura, Maradun da Talata Mafara su ne mazaɓar sanatan Zamfara ta Yamma. A ƙidayar 2006 jimillar mutanen ƙananan hukumomin uku ta haura rabin miliyan, kuma mafi yawansu manoma ne da makiyaya. Ana noman gero, dawa, masara, wake, gyaɗa da shinkafa da damina, a kuma yi noman rani na tumatir, tattasai, tarugu da albasa a fadamun Gulbin Zamfara. A arewa da su akwai madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talata Mafara, wadda aka kammala a 1978.

Yanayin yankin ya raba buƙatar ɗakin shanya gida uku. Daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Oktoba, lokacin da gero, masara da gyaɗar farko ke nuna, ruwa bai ɗauke ba kuma iska tana da laima. A nan aikin ɗakin shi ne kare amfani daga ruwa da gaggauta bushewa. Ambaliyar da ta auka wa garin Gummi a watan Agustan 2024, ta rushe gidaje ta cinye gonaki, ta nuna dalilin da ya sa ake gina irin wannan ɗaki a kan tudu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana busar da komai ko ba ɗaki, amma tana zuwa da ƙura. A nan amfanin ɗakin tsabta ne, kuma dole a riƙa goge rufin domin ƙura tana tare haske. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin waje kan haura digiri 40, matsalar takan zama zafi ya yi yawa, sai an buɗe kafofi duka ko an sa ragar inuwa.

Lokacin rani ne tumatir da tattasai ke cika kasuwa farashinsu ya faɗi, da damina kuma su yi tsada. Manomin da ya mayar da rarar kayansa kauɗa yana iya ajiye ta har farashi ya tashi. Kauɗar da ta bushe a rufe ta fi ja, ba ta da yashi, kuma mai saye yana gane bambancin da ido.

Gubar dalma

A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa yara ƙanana suna mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Bincike ya nuna gubar dalma ce daga duwatsun da ake haƙowa domin neman zinare. Ana kawo duwatsun cikin gari a farfasa su, a niƙa su da irin injin niƙan hatsi, a wanke a shanya a tsakar gida. An ƙiyasta cewa yara kimanin 400 ne suka mutu, wasu dubbai kuma suka kamu. Ƙauyukan da abin ya shafa sun haɗa da Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji da Bagega a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. A wasu wuraren niƙa an auna ƙasar aka samu sama da kashi 10 cikin ɗari nata dalma ce. An kwashe saman ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aikin Bagega kuma an yi shi a 2013.

Wani bincike da masu aikin tsabtace ƙauyukan suka wallafa a 2018 ya nuna cewa mafi yawan dalmar da ke shiga abinci ba daga gona take fitowa ba. Tana shiga ne bayan girbi, lokacin da ake sussuka, shanya, daka da niƙa hatsi a wuraren da ƙurar ta gurɓata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da aka san ba shi da illa.

Wannan ya sa ɗaga abinci daga ƙasa da rufe shi daga ƙura yake da muhimmanci a yankin. Sai dai ɗakin shanya ba ya cire dalmar da ta riga ta shiga hatsi, yana hana sabuwa shiga ne kawai, shi ma sai an kiyaye sharuɗɗa: a gina shi nesa da wurin niƙan dutse, a bar takalma a waje, a goge daɓe da ruwa maimakon sharar tsintsiya, kada a yi amfani da buhu ko tamfol da ya taɓa ɗaukar dutse, kuma kada a taɓa shanya garin dutse a ciki. Idan hatsin ya fita daga ɗaki mai tsabta aka kai shi injin da ake niƙa dutse, wahalar ta tashi a banza.

Ƙalubale

Babban cikas shi ne kuɗin gini. Shanya a ƙasa kyauta ce, ɗaki kuwa yana buƙatar siminti, ƙarfe da rufi, kuma ledar da ta dace ba a samunta a kowace kasuwar ƙauye. Saboda haka ya fi dacewa da kayan da ke da daraja a kan nauyinsu, kamar tattasai, barkono, tumatir, kuɓewa, zoɓo da irin shuka, fiye da buhunan dawa masu yawa. Ɗakin da ake amfani da shi wata biyu kawai a shekara yana daɗewa bai mayar da kuɗinsa ba, shi ya sa ake tsara shi ya yi masara da gyaɗa da kaka, kayan miya da rani, mangwaro da bazara, ganyaye kuma da damina.

Mallakar haɗin gwiwa tana rage wa kowa nauyi, amma tana buƙatar tsarin layi da asusun gyara, domin kowa yana son ɗakin a mako ɗaya. Inda za a gina shi ma yana da tasiri. Yawancin shanyar kuɓewa, ganye da barkono mata ne ke yin ta a cikin gida, don haka ɗakin da aka gina a bayan gari ba lallai ne ya amfane su ba, ƙananan akwatunan tsakar gida sun fi yi musu sauƙi.

Rashin tsaro ya ƙara wa lamarin nauyi. Hare-haren 'yan bindiga, kamar na watan Janairun 2022 da aka kashe mutane da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sun raba dubban manoma da gonakinsu. Waɗanda ke iya zuwa gona sukan yi girbi cikin gaggawa su kwaso amfani gida bai gama bushewa ba, maimakon su bar shi ya sha iska a gona kamar da. Amfanin da aka kwaso da danshi aka tara a ɗaki shi ne ya fi saurin yin fumfuna, wanda hakan ke ƙara buƙatar wurin shanya mai tsabta a cikin gari.